Ranar Da Na Durƙusa A Tsakiyar Gudu

Shekaru sun tura, furfura ta fara leƙowa a gemuna, abubuwa da yawa kuma sun ɓace mini, amma akwai safiya guda da na san ko zan manta da komai ita tana nan daram a raina. Ita ce safiyar da na shiga gudun yada-ƙanin-wani daga Makarfi zuwa Ikara. Gara in faɗa tun yanzu, ban ciyo kofi ba, ko sabulu ba a ba ni ba, kada wani ya gyara zama yana jiran labarin nasara. Abin da na samo a hanyar nan daban ne, kuma shi nake kewa har gobe.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, a can na girma. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son in yi wani abu sai ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ku ce wa wancan ya kai buhun nan zaure," alhali ga ni tsaye a gabansa. Ƙannena kuwa har cinyarsa suke hawa, yana tsokanarsu, yana fere musu rake. Na san kunya ce irin ta iyaye ga ɗan fari, kowa ya sha faɗa mini, kuma ban taɓa zarginsa da ƙi na ba. Sai dai sanin dalili bai hana abin ci mini rai ba. Na girma, na yi aure, na buɗe shagon ɗinki a Makarfi, amma ina nan da ƙishirwar nan tawa ta yarinta, wato in yi wani abu da Baba zai fito ya tsaya ya kalle ni.

Baba manomin rake ne. Ƙauyenmu yana bakin hanya tsakanin Makarfi da Ikara, kuma a ƙuruciyarsa da ƙafa yake kai mazarƙwaila kasuwannin nan biyu, kaya a ka, ya je ya dawo rana ba ta faɗi ba. Tsofaffin garinmu in ana hirar masu ƙafa shi suke fara ambata. Saboda haka da na ji wata ƙungiyar matasa ta shirya gasar gudu a wannan hanyar, za a ratsa ta ƙofar garinmu, sai zuciyata ta buga. Na ce a raina, hanyarsa ce, ya san kowane tudu da kwarinta. In dai akwai abin da zai fito da shi ya kalle ni, to wannan ne.

Akwai tsohon malaminmu na wasanni, mutumin Kurmin Kogi, wanda tun da ya yi ritaya ya mayar da bencin shagona ofishinsa. Shi na fara gaya wa. Ya sauke jaridarsa, ya dubi cikina, ya dubi fuskata, ya ce, "Da wannan tumbin za ka je Ikara, ko aika shi za ka yi ya jira ka a can?" Na ce ai a makaranta ba mai kamo ni. Ya ce, "Wancan yaron daban, wannan telan daban. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gobe bayan sallar asuba ka same ni a bakin titi."

Ranar farko na so in nuna masa ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yana cewa mu je, na zura a guje kamar wanda aka biyo da sanda. Ban kai ƙarshen gonakin bayan gari ba na dafe gwiwa ina haki, idona yana ganin taurari. Malam ya ƙaraso a kan mashin ɗinsa a hankali, bai ko yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce gudun nesa ba da ƙafa ake fara shi ba, da haƙuri ake farawa. Daga ranar ya kafa mini doka, in riƙa gudun da zan iya hira a cikinsa. Yana tafe a gefena yana jefo mini tambayoyi, nawa ne yadin shadda yanzu, wa ya ɗinka wa liman rigar sallar bara, in na kasa ba shi amsa sai da haki, sai ya ce, "Rage, ka fara cin bashin numfashi." Kullum mukan ƙara nisa kaɗan, ranar da jiki ya yi nauyi ya ce in huta, hutun ma yana cikin aikin. Da farko na ɗauka wasa yake da hankalina, don tsohuwa mai tallar daddawa ma sai da ta taɓa jerawa da ni. Amma da damina ta yi nisa, masara ta fitar da gemu, sai na ga ina wuce wuraren da da nake zubewa ba tare da na lura ba.

Wahalar da ban yi tsammani ba ita ce ta mutane. A wajenmu magidanci ba ya gudu haka kawai, in ka ga babba da gudu to ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya wani mai keke ya hango ni tafe, bai tsaya tambaya ba ya juya kan kekensa ya taka iya ƙarfinsa, sai da muka kai gari ya waiwayo ya ce, "Wai me ya biyo mu ne?" Ga kuma gaisuwa. Hanyar cike take da dattawa masu sammakon gona, wannan abokin Baba, wancan ƙanin kakata, kuma ba a wuce babba a tsaye. Sai in ja birki, in durƙusa, ina kwana, an tashi lafiya, ya ruwa, ya iyali, ya ƙarfin jiki, kafin in miƙe jiki ya yi sanyi, sai an sake sabon lale. Wata rana kuma kawun matata ya zo daga Taba, na hango shi a bakin hanya ni kuwa ina sanye da gajeren wando. Ban san lokacin da na faɗa cikin masarar mutane ba, na laɓe har ya wuce. Tun daga ranar na ɗinka wa kaina dogon wando mara nauyi, amfanin zama tela ke nan.

Malam ya gaji da tsaye-tsayen nan. Ya ce, "Ka ji ni da kyau. A horo na ƙyale ka, amma ranar gasa in jiki ya ɗau zafi ka durƙusa, ƙafa za ta riƙe, kuma ba lalle ta sake ka ba. Ko hakimi ka gani, ɗaga masa hannu ka wuce, ka je ka ba da haƙuri daga baya." Na ce na ji, kuma har ga Allah da niyyar bi na amsa.

Wajen abinci ma sai da na sha darasi. Ni a tunanina mai aikin ƙarfi ciki yake fara cikawa, kamar mai zuwa huɗa. Na sa matata ta ɗumama mini tuwon masara da miyar kuka, na share kwano tas na fita. Ban yi nisa ba wani abu ya soke ni a haƙarƙari, tuwon nan yana kai da komo a cikina, na dawo gida a bayan mashin ɗin Malam. Daga nan aka gyara tsari. Kafin fita kunu ne ɗan kaɗan, in na dawo a ba ni fura da nono, da rana wake ko dankali, tuwo sai da yamma, ruwa kuma kurɓi-kurɓi duk yini, ba a jira ƙishirwa ta kama ni in ɗaga buta ba. In tafiyar mai tsawo ce nakan ƙulla ɗan gutsuren mazarƙwaila a aljihu in riƙa tsotsa a hanya. Matata tana dama fura tana cewa, "Maigida, wallahi mai jego ma ba ta samun gatan nan. Allah dai ya sa in an haihu mu ga jariri." Tsokana ce, amma ita kaɗai ta san dalilin da ya sa nake wannan wahala, don na taɓa gaya mata.

Baba kuwa shiru. Abin da ya iso kunnena ta bakin mahaifiyata shi ne ya ce, mutum da iyali yana zagaye gari a guje kamar ba shi da sana'a. Maganar ta yi mini zafi, amma ban fasa ba. Ana jibi gasa na je gida na same shi a zaure tare da amininsa, wani dattijo Bafulatani da muke kira Baffa, wanda tun suna samari suke tare. Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa, sannan na ce, "Baba, jibi ne gudun nan, kuma ta ƙofar gari za mu wuce da hantsi." Ya dubi Baffa ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Daga nan ya ci gaba da maganar da suke yi ta takin zamani. Baffa ne ya yi mini murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a. Na fito jikina a sanyaye, na ce wa kaina ai dama na sani.

Ranar gasa an yi ruwa da daddare, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Muka taru a Makarfi, yawanci samari ne 'yan makaranta da 'yan ƙwallo, kowa yana tsalle-tsalle yana miƙa, ni ne kusan babbansu. Ana busa usur suka kwasa kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin binsu, 'yan kallo kuma suna cewa, "Tela, an bar ka a baya, koma ka ƙarasa ɗinkin mutane." Na haɗiye, na riƙe gudun hirata. Malam yana can baya a kan mashin, don an hana masu rakiya matsowa kusa. Rana tana ɗagawa sai ga maganarsa tana fitowa. Na fara tarar da su ɗaya bayan ɗaya, wani zaune a bakin titi ya cire takalmi, wani yana tafiya ya riƙe ƙugu, wani yana amai a gindin bishiya. Ni kuwa numfashina daidai, ƙafata sakayau, ina wuce su ina ce musu sannu. Kafin mu hango rufin kwanon garinmu wani mai ba da ruwa ya ce mini waɗanda ke gabana ba su da yawa, in na riƙe haka zan shiga cikin na gaba-gaba.

Garinmu ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa. Ƙannena suna kiran sunana, mata suna leƙe ta kan katanga, har da masu guɗa. Ni duk ba su nake nema ba. Idona yana kan dakalin ƙofar masallaci, inda Baba yake zama kowace hantsi in bai je gona ba. Dattawa suna nan a jere, amma wurinsa ba kowa. Na duba ƙofar zaurenmu, na duba gindin dalbejiya, babu shi. A nan na ji gajiyar da ban ji ba tun daga Makarfi ta sauko mini gaba ɗaya. Na ɗaga wa dattawa hannu kamar yadda Malam ya ce, na wuce, ina tambayar kaina wai duk wannan don me.

Bayan gari da ɗan nisa, inda hayaniya ta yanke, akwai wata kwalbati daidai hanyar da ke gangarawa fadamarmu. Na hango mutum biyu zaune a kanta. Ɗaya da malafa da sanda, na gane Baffa ne. Ɗayan ya ɗan ba titi baya, yana fuskantar gonar rake, kamar raken ya zo dubawa. Ko a cikin dubu na san wannan ƙeyar. Kuma rigar da ke jikinsa ba ta gona ba ce, farar rigarsa ce ta zuwa Juma'a.

Maganar Malam tana kunnena, ban manta ba. Amma hakimi ya ce, bai ce Baba ba, kuma ko da ya ce, ƙafata ba ta san yadda ake wuce mutumin nan a tsaye ba. Na sauka daga kwalta na durƙusa a gabansa, zufa tana ɗiga a ƙasa.

"Baba, barka da hantsi."

"Barka kadai."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Duk yana amsawa idonsa yana kan rake. Na juya na gaida Baffa. A bayana ina jin takun waɗanda na wuce suna wuce ni. Sai Baba ya ce, "Baffa, ka ce wa mutumin nan ya tashi, ga shi ana ta wucewa."

Na yunƙura zan miƙe, sai ƙafar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Sha-raɓata ta ɗaure tamau kamar dutse, zafi ya harba har ƙuguna, na koma na zauna daɓas a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Baffa ya ajiye sanda yana salati, yana neman inda zai kama. Kafin ya kai hannu sai na ga Baba ya sauko daga kan kwalbati, ya tattare farar rigar nan, ya durƙusa a cikin taɓo. Ya ce, "Riƙe masa kafaɗa." Ya kama ƙafata ya miƙar da ita, ya tura yatsun sama da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun yana murza tsokar a hankali. Hannunsa kaushi gare shi, duk kanta, kuma da ɗumi. Tun da na yi wayo ban san ranar da hannun nan ya taɓa jikina ba sai ranar.

Yana murzawa yana magana da Baffa, kai ka ce ba na wurin. "Dama ta hagun ce. Tun yana ƙarami ita ke riƙe masa in ya wuni wasa a rafi. Tsohuwa takan shafa masa man shanu, sai ya yi ta kuka kafin ya yi barci."

Na sunkuyar da kai. Ni duk rayuwata na ɗauka abin da ke faruwa a ɗakin kakata a can yake tsayawa. Ashe yana ji, ashe yana tambaya, har ya san wace ƙafa ce. Hawaye suka zubo mini, na bar su suka gauraya da zufa, Baffa kuma ya kau da kai ya yi kamar bai gani ba.

Ana cikin haka sai ga ƙarar mashin. Malam ne, tun daga nesa na ga bakinsa cike da faɗa. Yana matsowa ya ga wanda ke riƙe da ƙafata, sai ya kashe mashin, ya sauko, ya cire hula ya gyara, shi ma ya durƙusa yana "Barka da hantsi, Baba." Mai dokar ko hakimi a ɗaga masa hannu ke nan. Da ba don halin da nake ciki ba da na yi dariya.

A hankali ƙafar ta saki. Baba ya sake ta, ya goge hannu a ciyawa, ya koma kan kwalbati. Na miƙe ina gwada takawa. Ya ce, "Baffa, ka ce masa daga tsamiyar can hanya hawa ce. Ido ba ya gani, amma gwiwa tana ji. Ya rage tun kafin ya kai, in ya wuce gada sai ya saki jiki." Baffa ya dube ni ya ce, "To, ka dai ji." Na ce na ji, na gode, Allah ya ƙara girma. Na hau kwalta na kama hanya. Sau ɗaya na waiwaya, na gan shi tsaye, ya daina kallon rake, ya sa hannu ya kare rana yana bi na da ido, gwiwar farar rigarsa duk taɓo.

Hawan yana nan inda ya ce. Na rage kafin tsamiya, na saki jiki bayan gada, na shiga Ikara ana shirin naɗe tabarmi, waɗanda suka yi nasara har sun sha ruwa sun huce. Malam bai yi mini faɗa ba, ya dai ce da ban tsaya ba da an ji sunana a lasifika. Na ce masa ba komai. Da yamma na je gida ina ɗingishi, na gaida Baba a zaure. Ina shiga cikin gida na ji ya ɗaga murya yana cewa mahaifiyata, "A ɗora wa wancan ruwan zafi ya gasa ƙafa."

Bai sake tayar da zancen gudun ba, ni ma ban tayar ba. Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira sunana ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na sake shiga gudu bayan wannan, har na taɓa zuwa cikin na gaba, amma ba wanda ya zauna mini a rai. Yanzu in zan je gida a kan mashin nakan rage gudu a wajen kwalbatin nan, wani lokaci in tsaya in zauna kaɗan. Ina kewarsa ƙwarai. Da za a ce in sake durƙusawa ƙafar ta riƙe, zafin ya ninka, in dai hannun nan zai sake kama ta, wallahi da gudu zan je.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, na ɓata shekaru ina jiran ƙauna ta zo mini ta baki, alhali ta wasu mutanen ba ta da baki, sai ka sa ido sosai kake ganin ta. Wanda duk iyayensa ke raye, kada ya auna su da abin da suka furta kaɗai, kuma kada sauri ya sa ya wuce su a tsaye, don abin da ake gudu a cim masa yana nan gobe, su kuwa ba tabbas. Yanzu ni ma ina da ɗan fari, kuma abin dariya, in mahaifiyata tana wurin sai in ji sunansa ya yi mini nauyi a baki. Al'ada ba ta sakin mutum da sauƙi. Amma duk ranar da makarantarsu ke wasan ƙwallo nakan rufe shago in tafi, kuma ba na laɓewa a bayan gari. Ina tsayawa a inda zai gan ni.